Wayar da Muka Kulle a Akwati

Daga Allah muke, kuma gare Shi kakana ya koma, a tsakiyar marka, da wata safiya da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Waɗanda suka raka shi sun dawo da laka har ƙwauri, suka zauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu na Birnin Kudu, ruwa yana ɗiga ta gefen tamfol.

Na leƙa ta tsagar ƙyauren zaure, ban gane rabin mutanen ba. 'Yan kwana-kwana sun zo da kayan aikinsu, sun tuɓe manyan takalmansu sun jera a gindin bango. Kusa da su wani sajan na 'yan sanda mai furfura ya ɗora hularsa a gwiwa yana jan carbi. Ga direban motar asibiti, ga 'yan bijilanti da suka taso daga Gwaram a kan babura, sun jiƙe sharkaf. A can ƙarshen tabarma wasu masunta ne, irin waɗanda ake nema su yi nutso idan ruwa ya ci mutum. Na ji ɗayansu yana gaya wa na kusa da shi, "Wallahi shekara da shekaru yana tashina daga barci, amma ban taɓa ganinsa ba sai yau, a cikin makara."

A cikin gida ma haka. Wata tsohuwa daga wani ƙauye na wajen Basirka ta shigo da sandarta tana tambaya, "Ina matar mai wayar?" Aka nuna mata kakata, wadda muke kira Inna. Ta durƙusa ta kama hannunta, ta ce shi ya turo mutane ranar da jikanta ya faɗa rijiya, yaron yanzu har ya shiga sakandare. Sai ta ɗaga kai ta ga hotonsa a bango. Ta ce, "Ashe tsoho ne? Ni na ɗauka saurayi ne. Yana magana kamar an biyo shi da gudu." Inna, duk da idonta ya kumbura, sai da ta rufe baki da gefen mayafi.

Mutanen gari suna kiransa Baba Mai Oba-oba. Ya yi aikinsa duka a ɗakin rediyon 'yan kwana-kwana, yana karɓar kira yana tura mota. A can ya ga abin da ya dame shi har ƙarshen ransa. 'Yan sanda suna da oba-obarsu, wato rediyon magana na hannu, 'yan kwana-kwana suna da tasu, 'yan bijilanti sun sayo tasu a kasuwa, motar asibiti kuwa sai wayar direba. Kowace 'yan'uwanta kawai take ji. Mota za ta faɗa kogi, ɗan sanda yana tsaye a wannan gaɓa, mai igiya da tsani yana waccan, suna hangen juna, amma ba hanyar da ɗaya zai gaya wa ɗaya abin da yake gani. Da Kaka ya yi ritaya sai ya zauna a zaurenmu ya zama shi ne hanyar. Lambarsa ta bazu ƙauye-ƙauye, daga nan har bayan Gwaram. Akwai mutanen da ba su san lambar 'ya'yansu ba amma sun haddace tasa.

Bayan la'asar ta ranar farko, Baffa, babban ɗan Kaka kuma yayan mahaifina, ya shiga ɗakin mamacin tare da liman. Baffa mutum ne mai tsoron haƙƙi. Yana da kantin hatsi a kasuwa, ba a taɓa jin ya tauye mudu ba. Suka tattara riguna da agogo da tabarau, da tsohuwar oba-obar da 'yan bijilanti suka ba Kaka, da ƙaramar wayarsa mai madannai wadda lambobinta suka goge saboda dannawa. Aka zuba su a akwatin ƙarfe. Baffa ya datse kwado, ya sa makullin a aljihun gaba.

"Daga yau kayan magada ne," ya ce. "Ba mai taɓa ko allura sai ƙanwata ta iso daga kudu an zauna an raba."

Na ce, "Baffa, wayar fa?"

"Wayar me? Mai ita ya tafi."

Ni jika ce. Mahaifina ya riga Kaka rasuwa tun ina rarrafe, a gidan nan na tashi, amma ba ni da ko zare a gadon. Baffa bai kashe wayar ba kafin ya rufe, ina jin ko danna ta yana ganin taɓa kayan wasu ne. Don haka tun kafin magariba muka fara jin ta, can ƙasa-ƙasa a cikin ƙarfe, kamar gyare a bayan tulu. Ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Can an jima ta sake.

"Masu gaisuwa ne," Inna ta ce mini a hankali. Ɗakinta, inda ta fara zaman takaba, bango ɗaya ne da nasa. Ni da ita mun san ƙa'idar da Kaka ya kafa wa duk mai lambarsa: idan gaisuwa ce, ka buga sau ɗaya ka ajiye, shi zai neme ka. Idan rai ne, kada ka daina bugawa. Daga lokacin nan ban ƙara jin addu'ar masu ta'aziyya sosai ba. Kunnena yana jikin bango, ina tsoron bugun da ba zai tsaya ba, ga ruwa yana ta zuba a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi.

Ina so a san shi yadda na san shi, ba muryar kawai ba. Siriri ne, dogo, yana zama a kan buzu da ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Yana son rake amma haƙora sun ƙi, sai ya sa in yanka masa ƙanana yana tsotsa. Ni kuwa tun ina ƙarama nake da tsayawa a tsakar gida ina kallon hadari. Yakan leƙo ya ce, "Ke 'yar boko, in kin gama rubuta wa girgijen waƙa, tambayar mini shi ta ina zai zubo." In ce, "Ya ce ba ya magana da tsofaffi." Ya ce, "Ƙarya yake, tare muka yi makarantar allo."

Da na samu babbar waya sai ya ba ni aiki. Tasa ba ta karɓar hoto, ko ta karɓa idonsa ba zai gani ba. Sai a turo hoton wuri a tawa, ni in duba in faɗa masa. Ranar farko, da aka turo hoton mota a cikin ruwa, na ce, "Kaka, ruwan ya yi ja kamar shayi, bishiyoyi duk sun sunkuya..." Ya katse ni. "Ruwan taya ya kai ko gilashi?" Na ce gilashi. "To shi za ki ce. Bishiyoyin ki ajiye mini su sai anjima." Kuma da anjiman ta yi, ya tambaye ni bishiyoyin.

Mutane da yawa sun ce ba shi da ladabi a waya, domin ba ya bari a gaisa. An san halinmu, gida yana cin wuta amma sai an tambayi kwana da gajiya da iyali. Shi kuwa da ya ɗauka sai, "A ina? Me ya faru? Mutum nawa?" Ba abin da ya tsana kamar a ce masa da sauƙi. Yakan ce saƙo yana tasowa daga bakin kogi da nauyinsa, kowane baki ya bi sai an rage masa don kada a tsorata mutane, kafin ya isa asibiti ya koma an ɗan samu matsala. Na sha jin ya ɗaga murya, "Malam, ban tambaye ka sauƙi ba. Yana numfashi ko ba ya yi?" Amma idan komai ya lafa, washegari sai ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ya kira su, ya yi gaisuwar da ya hana su, doguwa, har da tambayar shanu da yabanya, sai mutum ya gaji don kansa ya ce, "To Baba, sai anjima."

Abin da ya fi tsaya mini a rai hannayensa ne. Idan na kan waya yana buƙatar na kan oba-oba ya ji shi kai tsaye, sai Kaka ya haɗa su baki da baki, waya a dama, oba-oba a hagu, yana danna maɓalli yana saki, kansa a sunkuye a tsakaninsu kamar mai sasanta 'yan'uwan da suka daɗe suna gaba.

Direban motar asibitin nan da ke zaune a rumfa, yana sabon shiga aiki ya taɓa tsayawa a bakin wani rafi yana jiran mai naƙuda, alhali an zagaya da ita an ajiye ta a wani mashigin daban. Ba wanda ya iya sanar da shi. Kafin su haɗu ta cika. Ya ajiye makullin mota ya koma gida, ya ce ya bar aikin. Kaka ya hau bayan ɗan acaɓa da gwiwar nan tasa, ya same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Ya zauna ya taya shi. Direban da kansa ya ba ni labarin: sai da suka gama kwandon tas. Da zai tashi ne ya ce, "Ɗana, kai ka isa da wuri. Magana ce ta makara. Gobe ka je ka ɗauki makullinka."

Ba zan ɓoye ba, aikin nan ya ci wa iyalinsa abubuwa. Ranar sunan ɗan Baffa na fari, wanda aka daɗe ana jira, mutane sun taru da sassafe, rago a ɗaure, liman yana jiran Kaka ya raɗa masa sunan, sai wayar ta fara bugun nan da ba ya tsayawa. Kaka ya tashi ya juya wa taro baya, ya manna goshi da bango yana magana, wani yaro ne ya faɗa rami. Rana ta ɗaga, goro ya ƙare, surukan Baffa suka fara kallon juna. A ƙarshe wani ne ya raɗa sunan. Da aka watse Baffa ya same shi a zaure.

"Baba, duk faɗin jihar nan kai kaɗai Allah Ya ba kunne?"

"Nemo mini na biyu, in yi maka godiya."

"Jikanka ne fa."

"Wanda ke cikin ramin ma jikan wani ne."

Baffa ya fita. Sun daɗe gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Kaka bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma na ga ya sayo 'yar riga ya ba Inna ta kai wa jaririn, ya ce kada ta faɗi daga wurin wa take.

Shi ya sa ba na mance farin cikinsa bara, da aka gayyace shi wani taro a babban birnin jiha. An ce za a yi tsari ɗaya na jihar gaba ɗaya, wanda ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da motar asibiti za su ji juna a kansa, a tura hoto da ainihin wurin da abu ya faru, kowa ya gani lokaci guda. Ya dawo yana dariya shi kaɗai. Ya ce wa Inna, "Hajiya, an kusa sallamata karo na biyu. Ki tanadi tabarma, barcin shekara zan yi." Aka ce ana aiki, ana kafa turakun sadarwa. Duk wanda ya zo daga can sai Kaka ya tambaye shi ina aka kwana. Har ya kwanta ciwon da bai tashi ba, abin bai iso kudancinmu ba.

Rana ta biyu ta makoki ta faɗo ranar kasuwar Gwaram. Ruwa ya kwana, ya wuni. Bayan azahar muna zaune da mata a ɗakin Inna ana rarraba gumba, sai wayar ta fara. Ta katse ta sake. Ta katse ta sake. Inna ta daina jan carbi.

Na sa hijabi na tafi zaure, na roƙi wani maƙwabcinmu ya kira mini Baffa daga rumfa.

"Baffa, wayar Kaka ta ƙi tsayawa."

"Masu ta'aziyya ne. Za su gaji."

"Mai ta'aziyya ba ya kira haka, Baffa. Ka sani."

Ya sani, na gani a fuskarsa. Amma ya ce, "A gaban liman na rufe akwatin nan. In na buɗe yau don waya, gobe wani ya ce agogo, jibi a ce na taɓa kayan ƙanwata tana hanya. Akwai hukuma a ƙasar nan, su kira hukuma." Ya yi ƙasa da murya. "Ta hana shi barci yana raye. A bar shi ya huta mana."

Daga inda muke tsaye ana jin ta. Sai na ji takun silifa a bayana.

Baffa ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Magana ma sai ta aika: "Ki gaya wa wancan abinci ya sauka." Ranar nan sai ga ta a bakin ƙofar zaure ta ciki, da mayafin takaba. Ta tsaya daidai iyakarta, ta dubi fuskarsa.

"Kai. Ina da tumuni a kayan nan ko ba ni da shi?"

Baffa ya durƙusa. "Kina da shi, Inna."

"To na ɗauki wayar a cikin tumunina. Liman yana waje, a kira shi ya shaida. In ta fi rabona, a cire a awakina."

Liman ya shigo yana gyara rawani. Ya saurare mu, ya saurari ƙarar da ke fitowa daga ɗaki, ya ce, "Na shaida. A ƙiyasta ta ranar rabo. Alhaji, buɗe."

Baffa ya sa makulli ya buɗe kwadon. Yana ɗaga murfin, wayar ta yi shiru.

Na ɗauke ta. Layi ɗaya ya rage na caji. Lambar da ta kira ba ta da suna. Na buga, aka ce ba a samunta. Muka tsaya a ɗakin da har yanzu yake ƙamshin man zafinsa, muna kallon ɗan gilashin nan. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta kama ƙara, na ɗauka.

"Malam! Alhamdu lillahi, Malam, tun ɗazu nake..."

"Jikarsa ce, Baba. A ina kake?"

Muryar dattijo ce, iska tana kaɗa ta. "Ba ni shi, 'yata, ba maganar yara ba ce."

"Ba zai iya zuwa ba. Faɗa mini, zan isar. A ina?"

Sai ya faɗa. Manomi ne a wani ƙauye da hanyarsa ta ratse daga Gwaram ta yi wajen Basirka. Ya gangara duba shinkafarsa a bakin rafi, sai ya ɗaga kai ya ga ƙarƙashin titi. Ruwa ya tafi da kwalbati, ya kwashe ƙasar da ke riƙe da hanya. Kwalta ce kawai ta rage a rataye, kamar fatar da aka shanya. Daga sama ba a ganin komai, hanya lafiya lau. Shi yana ɓangaren ƙauye, ya gitta amalankensa da shanu ya tare nan. Amma ɓangaren Gwaram ba kowa, ba zai iya tsallakawa ba, kuma da la'asar motocin kasuwa za su fara dawowa.

"Matan garinmu duk suna can," ya ce. "Har da tawa."

A masallacin unguwa ladan ya fara kiran la'asar.

Ban san lokacin da na fita zaure na buɗe ƙyauren waje ba. Ban taɓa magana a gaban taron maza ba. Na faɗi wurin, na faɗi abin da ya faru, muryata ba ta yi kama da tawa ba. Sajan ne ya fara miƙewa, sauran suka biyo shi har zauren ya cika.

Kowa ya zaro waya. Cikin Gwaram ba sabis tun safe, manomin ma sai da ya hau wani tudu ya samu ɗan layin da yake kiranmu da shi. Sajan ya ciro oba-obarsa ya samu 'yan'uwansa na can. Suka ce motarsu tana ɗaya gefen gari inda gini ya rufta wa mutane, kafin ta zagayo an daɗe.

Shugaban 'yan bijilanti ya ce, "Yaranmu suna mararrabar hanyar, da babur. Su ne kusa."

"To kira su mana!"

"Da me, Sajan? Tamu daga nan ba ta kai ko bayan gari. Taku kuma ba sa jin ta."

"Ofishinku na can fa?"

"Yana kallon naku. Titi ne kawai a tsakani."

Sajan ya danna maɓalli ya ce wa kurtun da ke can, "Ɗauki oba-obar nan a hannunka, ka tsallaka titi ka shiga wajen 'yan bijilanti. Da gudu. Kada ka kashe." Muka ji komai ta cikin shuu ɗin na'urar: ƙofa, ruwa, numfashin mai gudu, sallama.

Amsar sai da ta bi baki-baki kafin ta iso mu. Sun gitta benci sun tare mararraba. Amma mota ɗaya ta riga ta wuce su, cike, har da buhuna a sama. Ɗayansu ya bi ta da babur, oba-oba a rataye a wuyansa, yana tambaya: kwalbati biyu ne a hanyar, wanne ne?

Ba wanda ya sani a zauren. Na ɗaga wayar Kaka na manna ta da oba-obar Sajan. A Gwaram kurtun ya manna tasa da ta 'yan bijilanti. Na ce, "Baba, ɗaga murya. Wanne ne?"

"Na biyu! Na bayan tsamiya! A gaya masa na bayan tsamiya!"

Wani matashi cikin 'yan kwana-kwana ya ce, "Da tsarin nan ya iso, ai hoto ɗaya..." Sajan ya ce, "Ɗan nan, rufe mana baki."

Direban motar asibiti ya fita, muka ji ya tayar da mota. 'Yan kwana-kwana suka fara sa takalma. Da na ga masuntan nan sun miƙe suna naɗe ƙafar wando, sai na kawar da kaina, domin na san lokacin da ake buƙatarsu.

"Ina hango ta," manomin ya ce. "Ta fito daga kwana. Fara ce. Wayyo Allah, gudu take. Ina ɗaga riga, ba ya ganina. Akwai babur a bayanta, amma da nisa, da nisa, 'yata..."

Gilashin ya yi baƙi. Caji ya ƙare.

Ba wuta a unguwar tun jiya. Na tsaya da mataccen abu a hannu. Oba-obar Sajan ba ta cewa komai sai shuu. Sai Baffa ya karɓe wayar daga hannuna. Ya ciro tasa, ƙarama irin ta Kaka, ya ɓalle bayanta da farce, ya zare batirin ya sa a ta mahaifinsa. Ta kunnu da ɗan kiɗanta na maraba, a cikin zauren da ba mai numfashi. Liman yana ta ambaton Allah a ƙasan maƙoshi. A bayan ƙofar ciki ina jin ƙwayoyin carbin Inna suna faɗa wa juna.

Ta kama ƙara. Baffa ya buɗe sifika.

"Ta tsaya," manomin ya ce. Dariya yake ko kuka, ban rarrabe ba. "Yaron ya sha gabanta, laka ta kwashe shi ya faɗi a gaban motar. Ya tashi, yana ɗingishi. Direban ya fito yana zaginsa, ina jiyo shi daga nan, har kakanninsa bai bari ba. Tsaya... ya taho, ya leƙa ƙasa. 'Yata, ya zauna. Ya zauna a cikin laka ya ɗora hannu a ka."

Zauren ya ɗauki hamdala. Sajan ya jingina da bango ya share fuska da hularsa. Daga baya muka ji kwaltar ta rufta kafin magariba, ba kowa a kanta.

"To 'yata, Allah Ya yi miki albarka," in ji manomin. "Yanzu dai ba ni Malam. Ko jikin ne?"

Baffa ya kai wayar kusa da bakinsa.

"Baba, babban ɗansa ne. Allah Ya yi masa rasuwa jiya da safe."

Ruwa kawai muke ji, da kukan shanunsa can nesa. Sannan dattijon ya yi salati, ya yi wa Kaka addu'a doguwa muna amsawa da amin, ya yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har da Inna da bai sani ba. Da ya gama sai ya kawo tambaya.

"To ɗana, kada ka ga rashin kunyata. Damina ba ta ƙare ba. In abu ya sake faruwa, wa zan kira?"

Baffa ya dubi Sajan. Sajan ya dubi shugaban 'yan bijilanti. Kowannensu ya sunkuyar da kai yana kallon abin da ke hannunsa.

"Kira wannan ɗin dai, Baba," Baffa ya ce. "Za a ɗauka."

Wayar tana wurin Inna yanzu, a gefen sallayarta. Ita ke jin bugun, ni nake ɗauka, Baffa yana zuwa da yamma da batir mai caji. Ban san iya inda za mu kai ba. Hutuna na makaranta ya kusa ƙarewa, kunnen Inna ɗaya ne mai kyau, Baffa yana da kanti da iyali, kuma a cikinmu ba wanda ya san rabin mutanen da Kaka ya sani. Shi bai roƙi magaji ba. Ya roƙi ranar da manomi a bakin rafi zai faɗi magana sau ɗaya kowa ya ji. Idan rubutun nan ya isa hannun masu wancan aiki, ina roƙonsu don Allah su hanzarta. Mota guda cike da mata ta tsaya ne saboda wata tsohuwa mai takaba ta tuna tana da tumuni.

Ya Allah, bawanKa ya amsa wa bayinKa duk lokacin da suka kira, bai tambayi ko su wane ne ba. Yanzu ya shiga inda ba mai jin kiransa sai Kai. Ka amsa masa.